Yara sun tambaye ni abin da za su yi in ƙasa ta motsa muna aji, na rasa amsa

Malama_Rabi_Mpape:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya da ta daɗe tana damuna. Ni malamar firamare ce a Mpape, Abuja. Waɗanda ke nan sun san abin da ya faru a Satumbar 2018, lokacin da ƙasa ta yi ta motsi kwana biyu zuwa uku har mutane suka fara kwashe kaya, sannan abin ya sake dawowa a Satumbar 2024. Wannan na biyun ina gida da dare, na ji kamar an saki wani ƙaton abu a ƙarƙashin gado, kwanukan kabad suka yi ƙara, shi ke nan. Da muka koma makaranta wata yarinya 'yar aji huɗu ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, in ta zo muna aji, gudu za mu yi ko zama?" Wallahi na rasa abin cewa. Na ce mata addu'a za mu yi, na wuce. Ajina yara 46, a saman bene muke, ƙofa ɗaya, tagogi duk da ƙarfe, matakala kuma mutum biyu ba sa wucewa tare sai an goga kafaɗa. Shin ya kamata a riƙa koya wa yara wannan abu a makarantunmu da Islamiyyu, ko tsoratar da su kawai za mu yi a banza tunda Najeriya ba ƙasar girgizar ƙasa ba ce?

Dan_Kurmi77:
Wa alaikumus salam Malama. Gaskiya ni dai ina ganin ɓata lokaci ne. Mutanen da ke fama da kuɗin masara da 'yan bindiga za ki tara ki ce su shiga ƙarƙashin tebur? Wane teburin ma? Abin da kuka ji a Mpape masu fasa dutse ne da nakiyarsu, kowa ya sani.

Injiniya_Sale:
Dan_Kurmi77, ba duka ba ne. Gaskiya ne akwai wuraren fasa dutse da yawa a Mpape, shi ya sa bayan na 2018 hukumar Abuja ta dakatar da fasa dutse da haƙa rijiyar burtsatse a yankin na wani lokaci. Amma ka gaya mini wa ke fasa dutse a Kwoi? A Satumbar 2016 ƙasa ta motsa a Kwoi da ƙauyukan ƙaramar hukumar Jaba a Kaduna, bangon gidaje ya tsattsage, mutane suka kwana a waje. A 1984 an ji a Ijebu-Ode da Ibadan. Akwai wata tsohuwar tsaga a cikin dutsen ƙarƙashin ƙasa da masana ke kira ta Ifewara zuwa Zungeru, ta taso daga kudu maso yamma ta nufo jihar Neja. Ba ma bakin inda manyan faifayen ƙasa ke gogayya da juna kamar Japan ko Turkiyya, wannan rahama ce. Amma cewa ba ta zuwa mana sam, ba haka ba ne. In ba ta zuwa, me ya sa gwamnati ta kafa cibiyar sa ido kan motsin ƙasa a Toro, jihar Bauchi?

Dan_Kurmi77:
To Injiniya, mutum nawa ta kashe a Kwoi ɗin?

Injiniya_Sale:
Ban ji ta kashe kowa ba, alhamdu lillahi. Sai mun jira ta kashe tukuna?

Ummu_Haidar:
Malama Rabi, ni abin da ya tsaya mini a rai a bayaninki shi ne ƙofa ɗaya da matakalar nan. Ki bar ma maganar girgizar ƙasa. Wani yaro ya ƙwala ihu ya ce "wuta!" ko "maciji!" kawai, yara 46 su nufi ƙofa ɗaya, me kike zaton zai faru?

Bashir_Gaziantep:
Bari in ba ku labarin abin da na gani da idona, don ina karatu a Gaziantep ta Turkiyya ranar 6 ga Fabrairun 2023. Ƙarfe huɗu da minti 17 na asuba ta zo, muna barci. Mu uku ne a gidan haya, hawa na huɗu, ni da wani ɗan Kano da wani ɗan Somaliya. Farkon abin da na ji ƙara ce, kamar tirela ta shigo cikin ɗakin. Na yunƙura zan miƙe, ƙasa ta maka ni. Wannan shi ne abin da mutane ba su gane ba: masu cewa "ai da na ji zan fita da gudu", in babba ce ba ka iya tsayuwa da ƙafarka, balle gudu. Sif ɗin kayanmu ya faɗo daidai inda kan abokina yake minti ɗaya kafin nan. Wuta ta ɗauke. Fiye da minti guda ana abu ɗaya, ni kuwa na rantse kamar awa ce.

Da ta lafa muka sauko a matakala cikin duhu, ba takalmi, gilashi ko'ina, na yanke a tafin ƙafa ban ma sani ba sai da na ga jini a waje. Ga sanyi na fitar hankali, ni da gajeren wando da singileti. Wayata saura kashi 9 na caji. Fasfo ɗina yana sama.

Maƙwabtanmu Turkawa kuwa, wata tsohuwa a hawa na biyu ta fito da 'yar jakarta a hannu: tocila, ruwa, bargo mara nauyi, magungunanta, kwafin takardu, har da usur. Ta ce tun girgizar Izmit ta 1999 jakar nan take bakin ƙofarta, tana canja ruwan da biskit ɗin lokaci-lokaci. Ita ta ba ni safa. Ita ce kuma ta hana ni komawa ɗauko fasfo, ta riƙe mini hannu tana faɗa da Turkanci. Bayan kamar awa tara, da rana, ta biyu ta zo mai ƙarfin 7.5, gine-gine da yawa da suka tsaya da asuba a lokacin suka zube, da mutanen da suka koma ɗaukar kaya a ciki. Ta farkon 7.8 ce. Sama da mutum 50,000 suka rasu a Turkiyya kaɗai, ban da Siriya.

Har yau in na tuna masu ceto sun sa kowa ya yi tsit, a kashe injina, mutum ɗaya ya ɗaga murya kan ɓaraguzai yana cewa "akwai mai jin muryata?", sai jikina ya yi sanyi. A nan na gane amfanin usur ɗin tsohuwar nan. Wanda gini ya danne, ƙura ta cika masa baki, ihu ba ya nisa kuma yana ƙarar da ƙarfinsa. Busa usur ko buga ƙarfe da dutse ya fi.

Malama, ki koya musu. Ni ɗan jami'a ne a lokacin, amma tsohuwar da ba ta gama firamare ba ta fi ni sanin abin yi.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ƙara tsarewa ɗana Bashir. Ina iyayenka suka sa kansu a ranar?

Bashir_Gaziantep:
Hajiya, sai da la'asar na samu na kira gida. Mahaifiyata ta riga ta yi kukan mutuwa ta gama. Wannan ma darasi ne, yanzu lambobi uku na haddace a ka, don ranar da waya ta mutu na ari ta wani na tsaya ina kallonta ban san lambar kowa ba sai ta Baba.

Abu_Sumayya:
'Yan'uwa mu ji tsoron Allah. Girgizar ƙasa aya ce daga ayoyin Allah, akwai sura sukutum a kanta. Abin da ya kamata a koya wa yara shi ne tuba da istigfari da barin saɓo. Wanda kwanansa ya ƙare ko cikin akwatin ƙarfe ya shiga sai ya tafi. Amsar da Malama ta ba yarinyar ita ce daidai.

Malam_Nura_Zariya:
Abu_Sumayya, Allah ya saka da alheri, babu mai musun aya ce kuma babu mai musun ajali. Amma ka tuna lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke, ya yi shawara ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya ce masa gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Kuma ga hadisin mai raƙumi da aka ce ya ɗaure sannan ya dogara. Kai kanka da daddare kana kulle shagonka da kwaɗo biyu, ba ka ce in an ƙaddara sata za a yi ba. Yaro zai iya durƙusawa ya kare kansa bakinsa na ambaton Allah, ɗaya ba ya hana ɗaya. Ni a Islamiyyarmu da zan samu wanda ya iya, ranar Alhamis zan ba shi rabin awa.

Abu_Sumayya:
Na karɓi gyara a kan riƙo da sababi, Malam. Abin da nake gudu shi ne a mayar da yara masu dogaro da dabara su manta da Mai abin.

Zango_Boy_Nima:
Gaisuwa daga Ankara. Mu nan abin ba labari ba ne, mun ji a Disambar 2018, mun sake ji ranar 12 ga Disambar 2022 da rana tsaka, mutane suka firfito daga ofisoshi.

Dan_Kurmi77:
Ai ku Turkiyya daban ne, Bashir ya riga ya faɗa.

Zango_Boy_Nima:
Haba maigida, Ankara ta Gana nake nufi, Akra! Mu 'yan zango haka muke kiranta tun kakanni. Ka ga Nima a sunana kuma, unguwa ce a Akra. Garin nan yana da tarihi da abin: a 1939 girgiza mai ƙarfi ta same shi, mutum 17 suka mutu, kuma lokacin garin bai kai kashi ɗaya cikin goma na yanzu ba. Yankin Weija da McCarthy Hill da Gbawe su ne kan tsagar, kuma nan ne mutane suka fi gina manyan gidaje a kan tudu yanzu. Hukumar kula da bala'o'i ta Gana, NADMO, takan yi magana a rediyo in an ji motsi, sati biyu kowa ya manta.

Amma abin da nake so in faɗa shi ne na Janairun 2010, kwanaki kaɗan bayan ta Haiti. Saƙo ya yi ta yawo a waya cewa girgizar ƙasa za ta zo cikin dare. Wallahi ƙasar nan kusan gaba ɗaya waje muka kwana. Ni da kaina na goya kakata na kai ta filin ƙwallo ƙarfe biyu na dare, tana ta zagina. Gari ya waye ba abin da ya faru. Da mutane sun san cewa babu wani mahaluki da ya iya faɗin rana da sa'ar da za ta zo, da ba a wahalar da tsofaffi ba. Kuma mu ma a Gana ta Turkiyya ta taɓa mu, ɗan ƙwallonmu Christian Atsu a Antakya gini ya danne shi, sai bayan kwana 12 aka samu gawarsa.

Ummu_Haidar:
Zango_Boy ka tuna mini da wankan ruwan gishiri na lokacin Ebola a 2014. Ƙarfe uku na dare aka tashe mu. Inda ba ilimi, jita-jita ce ke zama malama.

Sadiya_Geo:
Ƙarin bayani kan abin da Zango_Boy_Nima ya ce, don fannin da na karanta ke nan. Hasashen rana ba ya yiwuwa, duk wanda ya turo muku saƙo cewa "NASA ta ce gobe ƙarfe kaza" ƙarya ce. Abin da ake iya yi shi ne gargaɗin 'yan daƙiƙoƙi. In dutse ya ɓalle a ƙasa, igiyar motsi iri biyu ke fita: ta farko mai sauri ce amma ba ta cika ɓarna ba, ta biyu tana baya kuma ita ce mai rusa gini. Na'ura na jin ta farkon sai ta aika saƙo, saƙon lantarki kuwa ya fi motsin ƙasa gudu. Birnin Meziko na da lasifikoki a tituna don haka, Japan kuma wayar kowa ke kuka, jiragen ƙasa masu gudu su taka birki da kansu. Daƙiƙa goma ko ashirin ne, wani lokaci ƙasa da haka. Wanda aka koya wa abin yi, sun ishe shi ya kashe gas ya fake. Wanda ba a koya wa ba zai ƙare su yana tambayar "mene ne wannan?"

Sannan lambobin nan na ma'aunin ƙarfin girgiza, irin su 4 da 6 da 7, ba kamar kilo ba ne. Duk ƙarin lamba ɗaya, ƙarfin da ya fita ya ninka kusan sau 32. Tsakanin 5 da 7 ninki kusan dubu ne. Abin da ake ji a Mpape ƙanana ne ƙwarai.

Malama_Rabi_Mpape:
Na gode ƙwarai. Amma har yanzu ba wanda ya ba ni amsar yarinyar nan kai tsaye. Gudu ko zama?

Sadiya_Geo:
Yi haƙuri Malama, mun yi nisa. A ajinki na saman bene: zama. Abu uku ake koya wa yara a ƙasashen da suka saba. Su durƙusa kan gwiwa da hannu kafin ƙasa ta kayar da su. Su shige ƙarƙashin benci ko tebur su kare kai da wuya, in babu abin shiga su rufe ƙeya da hannuwa su matsa daga jikin taga. Su riƙe ƙafar bencin don kada ya gudu ya bar su. Sai motsi ya tsaya cak sannan a fita, layi-layi, ba gudu ba turereniya, zuwa fili nesa da bango da katanga da wayar lantarki. A can ki kira suna da rajista. Kada kowa ya koma ɗaukar jaka. Mafi yawan raunukan da ake samu daga abin da ya faɗo ne ko faɗuwar mutum garin gudu, matakala kuwa na cikin wuraren da suka fi haɗari.

Kawu_Iro:
Mu dai da muka taso an ce a tsaya a bakin ƙofa, nan ne ya fi ƙarfi a ɗaki.

Injiniya_Sale:
Kawu, wannan tsohuwar magana ce daga gidajen da bangonsu ke zubewa ya bar katakon ƙofa a tsaye. A ginin bulo na yanzu bakin ƙofa bai fi ko'ina ƙarfi ba, ƙyauren ma zai iya make ka ko ya datse maka yatsu.

Amma ina da ja kaɗan da Sadiya_Geo. Shawarar shiga ƙarƙashin tebur an gina ta ne kan cewa ginin zai tsaya, abin da ke cikinsa ne zai faɗo. To mu namu ginin fa? Ina aikin gini shekara 19. Na sha zuwa wurin aiki in ɗauki bulo in matse shi da hannu ya ruguje kamar ƙuli-ƙuli, saboda buhun siminti ɗaya an buga bulo kusan ninkin abin da ya kamata. Rodin da aka rubuta a zane daban, wanda aka saka daban. Mai gida ya samu kuɗi ya ɗora hawa biyu kan harsashin da aka yi wa hawa ɗaya. Gininmu yana faɗuwa ba tare da ƙasa ta ce uffan ba. Ku tuna makarantar da ta rufta a Jos a Yulin 2024, mutum 22, yawancinsu ɗalibai, ba girgiza ba komai. Ku kwatanta 2010: Haiti 7.0, mutanen da suka mutu sun haura dubu ɗari nesa ba kusa ba. Bayan sati shida Chile ta samu 8.8, wadda ta ninka ta sau ɗaruruwa, waɗanda suka mutu ɗari biyar da 'yan kai. Bambancin dokar gini ce da bin ta. Don haka ni a ganina wanda ya fi buƙatar darasin nan birkila ne da mai buga bulo da mai gida, kafin yaro.

Sadiya_Geo:
Ban ƙi taka ba Injiniya. Shi ya sa na ce "a ajinki". Wanda ke cikin ɗakin ƙasa hawa ɗaya, ƙofa na kusa da shi taku biyu uku, tsakar gida fili ne, fita ta fi masa, don rufin ƙasa mai nauyi in ya sauko tebur ba ya tare shi. Amma yara 46 a bene ba su da wannan zaɓin. Kuma gyaran gini shekaru zai ɗauka, koya wa yara kuwa ranar Litinin za a iya farawa.

Issoufou_Maradi:
Maganar ɗakin ƙasa ta sa na shigo. Ina Marakesh ta Maroko ina sarin kaya ranar 8 ga Satumban 2023, wajen ƙarfe sha ɗaya na dare ta zo, 6.8. Mu a cikin birni tsoro muka sha da tsagewar bango, muka kwana a dandalin Jami'ul Fana da dubban mutane. Ɓarnar tana can kan duwatsun Atlas, lardin Alhauz, kusan mutum 3,000. Da na ga hotunan ƙauyukan sai gabana ya faɗi, don ginin irin namu ne sak: ƙasa da dutse, rufi da itace a ɗora ƙasa a kai, kamar soron azara. Hanyoyin kuma duwatsu suka toshe su, motocin ceto ba su isa wasu ƙauyuka ba sai bayan kwanaki. Waɗanda aka ciro da rai, maƙwabta ne suka tono su da hannu da shebur. To in mutanen gari ne za su fara ceto, ai su ya kamata a koya wa yadda ake ɗaga mutum ba a ƙarasa karya masa baya ba, da yadda ake tsayar da jini.

Sadiya_Geo:
Haka aka yi a Bam ta Iran a Disambar 2003, birnin tubalin ƙasa ne, 6.6, sama da mutum 26,000. Kuma kada a ce Afirka ta Yamma ba a taɓa yi ba: Disambar 1983 ta kashe ɗaruruwa a arewa maso yammacin Gini, yankin Gawal.

Dan_Kurmi77:
To yanzu rushe gidajen ƙasa za mu yi? Ku dai ku faɗi abin da talaka zai iya.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ni zan faɗa maka abin da talaka zai iya, don tun da na karanta labarin Bashir na tashi na zaga gidana. Gadon jikata yana ƙarƙashin kabad ɗin da na jera tangaran da kuloli har sama, na sa an ja gadon. Tukunyar gas tana bayan ƙofar kicin. Babban abin kuma, da dare muna kulle ƙofar ƙarfe ta falo da kwaɗo, mukullin yana ɗakin Alhaji cikin aljihun rigar da ya cire, wata rana sai an yi ta lalube da safe. Tagogi duk ƙarfe. Mu goma sha ɗaya ne a gidan. Yau na buga ƙusa kusa da ƙofar, inda hannun ɓarawo ba zai kai ta taga ba, na rataye mukullin, na nuna wa kowa har 'yar aikina. Nawa na kashe? Ƙusa ɗaya.

Ummu_Haidar:
Hajiya kin gama magana. Gobara nawa muka ji an rasa iyali gaba ɗaya saboda mukulli da ƙarfen taga?

Aminu_Red:
Ina aikin sa-kai na agajin gaggawa, kuma ina Maiduguri lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024. Ina goyon bayan Dan_Kurmi77 rabi. In ka shiga unguwa ka ce taron girgizar ƙasa ka kira, mutum biyar za su zo, uku don su yi maka dariya. Abin da ke cinmu ambaliya ce da gobarar kasuwa da tankar mai da ta faɗi mutane su tafi kwasa. Amma shirin ai kusan ɗaya ne. Ina za mu haɗu in mun rabu? Wa zai ɗauki tsohuwa, wa zai ɗauki jariri? Takardun gida da na makaranta suna cikin leda wuri ɗaya? A Maiduguri na ga magidanci yana kuka ba don gidan ba, don takardun shaidar karatunsa na shekara ashirin. Na ga uwa ta kwana uku tana zaga sansani tana neman yaro ɗan shekara shida da bai san cikakken sunan babansa ba balle lambar waya. A haɗa su duka a darasi ɗaya, girgizar ƙasa ta samu minti goma a ciki. Kuma a bi ta hannun masu unguwa da limamai da shugabannin kasuwa, don takardar da hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ko ta jiha, NEMA ko SEMA, za ta buga da Turanci ba ta isa inda ake buƙata.

Bello_Ngaoundere:
A ƙara da cewa kowane wuri da nasa. Mu a Kamaru tafkin Nyos ne ya saki iska mai guba cikin dare a Agustan 1986, mutum sama da 1,700 da dabbobi dubbai suka mutu a kwance. Iskar ta fi iskar shaƙa nauyi, kwari take bi, wanda ya hau tudu ya tsira. Wa ya taɓa gaya musu? Yanzu an sa bututu ana fitar da iskar a hankali.

Malam_Nura_Zariya:
Malama Rabi, dangane da tsoron da kika ce kada a tsorata yara. Akwai garin Kamaishi a Japan. Shekaru kafin 2011 wani malamin jami'a, Katada, ya yi ta zuwa makarantunsu yana koya wa yara cewa in ƙasa ta girgiza su nufi tudu, kada su jira kowa, kada su ce taswira ta ce nan ruwa ba ya zuwa. Ranar 11 ga Maris da igiyar teku ta zo, 'yan sakandare suka fita da gudu, suka ja hannun 'yan firamaren da ke kusa da su, suka isa wurin da aka tanada, suka ga bai yi ba suka ƙara hawa sama. Kusan duka ɗaliban garin, wajen 3,000, suka tsira. A wannan ranar a makarantar Okawa, a wani gari, malamai suka tara yara a fili suna ta shawarar inda za a nufa har kusan minti hamsin, ruwa ya zo ya ci yara 74 da malamai 10. Ƙasa ɗaya, rana ɗaya.

Sadiya_Geo:
Sai dai a lura, gudun Kamaishi na ruwan teku ne bayan motsi ya tsaya. Kada wani ya karanta ya ce an ce yara su ruga lokacin da bene ke rawa.

Dan_Kurmi77:
Japan kuke kawo mana misali, ƙasar da ranar 1 ga Satumba kowace shekara har firaminista ke fita atisaye. Mu nan ko na'urar kashe gobara a makarantar gwamnati ka taɓa gani? Ni dai har yanzu ina kan bakana, a gyara gini a hukunta masu cin siminti. Amma mukullin Hajiya na ɗauka, wannan kam ba musu.

Injiniya_Sale:
Malama, wata tambaya. Ƙofar ajinki ciki take buɗewa ko waje? Kuma akwai tsaga a bango ko a jikin ginshiƙi, musamman wadda ta tafi a karkace daga kusurwar taga?

Malama_Rabi_Mpape:
Ciki take buɗewa, Injiniya, kuma benci ɗaya na tokare ta sai an ɗaga. Tsaga akwai ɗaya a bayan allo, an shafe ta da siminti bara ta sake buɗewa. Na gwada abin da Sadiya_Geo ta ce yau kafin tashi: na buga tebur na ce "ƙasa!", suka shige ƙarƙashin benci suna ta dariya, manyan ba su shiga duka ba sai kai da kafaɗa. Saukowa fili ya ɗauke mu minti huɗu da rabi, yaro ɗaya ya koma ɗaukar takalminsa. Shugabar makaranta ta leƙo ta ce wane wasa ne wannan, in bari sai ta yi magana da mai makarantar kada iyaye su ji su ce ginin ne ba lafiya.

Injiniya_Sale:
Ɗauko mini hoton tsagar, ki ɗora biro a gefenta don in ga faɗinta, ki turo ta akwatina. In kin samu dama ki duba ko ta fito ta ɗaya gefen bangon. Benci kuma a janye shi daga bakin ƙofar tun gobe, wannan ba sai an jira mai makaranta ba.